Gyaran Wutar Lantarki: Ran Ma'aikaci Yana Wuyan Mai Ba Da Umurni

Tun shekarar 1968 da aka kafa kamfanin wutar lantarki na ƙasa, watau NIGELEC, wuta take ta yaɗuwa cikin Nijar, gari bayan gari. A 1976 aka ja babbar waya mai ƙarfin bolt 132,000 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. A 1981 tashar SONICHAR da ke Anu Araren ta fara ƙona gawayin ƙasa domin ba Arlit da Agadas wuta. A 1994 wata babbar waya ta taso daga Katsina, ta iso Gazawa, ta rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Daga baya aka buɗe tashar Goru Banda kusa da Yamai a 2017, aka kuma shiga samun wuta daga hasken rana, a Malbaza a 2018 da kuma a Goru Banda a 2023. Wannan ci gaba ne da kowa yake gani da idonsa.

Amma duk inda waya ta kai, akwai mutumin da aikinsa ke nan ya hau ginshiƙi, ya buɗe akwatin wuta, ya sa hannu inda sauran jama'a suke gudu. Wasunsu ma'aikatan kamfani ne masu takardar sana'a. Wasu kuwa masu gyara ne na cikin gari da ake kira in wuta ta lalace a asibiti, ko a gidan ƙanƙara, ko a wurin injin niƙa, tare da yaran da suke koyon aiki a hannunsu. Ana yawan ƙidaya garuruwan da suka samu wuta. Lokaci ya yi da za a dubi lafiyar masu gyara ta, musamman game da wani hatsari guda wanda yawancin mutane ba su san da shi ba, har cikin shugabannin ma'aikatu. Abin da ya kamata a gane shi ne, maganin wannan hatsari ya fi zama a hannun wanda yake ba da umurnin aiki bisa ga hannun wanda yake riƙe da kayan aiki.

Hatsarin da ba ya jiran a taɓa waya

Kowa ya san cewa in mutum ya taɓa waya mai wuta, kuran zai ja shi, ya ratsa jikinsa, yana ma iya tsayar da zuciyarsa. Saboda haka mutane da yawa suna zaton wanda bai taɓa ba ya tsira. Wannan zato shi ne yake halaka ma'aikata, domin akwai hatsari na biyu, wanda masu sana'ar suke kira ark da faransanci, a nan kuwa za a kira shi walƙiyar lantarki.

Ga yadda abin yake. A al'ada iska ba ta barin wuta ta bi ta cikinta, shi ya sa ake barin rata tsakanin waya da waya. To, in wani ƙarfe ya gitta tsakanin wayoyi biyu, ko ƙura mai laima ta haɗa su, sai wutar ta yi tsalle. Da zarar ta yi tsalle, iskar da ke wurin takan yi zafi ƙwarai har ta zama hanya, wutar kuma ta ci gaba da kwarara ta cikinta har sai na'urar da ke katse wuta ta yi aikinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai walda ya ga ƙaramin samfurin wannan abu: hasken nan mai kashe ido da ke narkar da ƙarfe. Bambancin shi ne, mai walda yana sarrafa tasa, ya kuma rufe fuskarsa. Ta cikin akwatin wuta kuwa babu mai sarrafa ta, kuma ta ninka ta walda sau da yawa.

Zafin tsakiyar wannan walƙiya yana iya kaiwa wajen digiri 19,000, alhali zafin fuskar rana kanta wajen digiri 5,500 ne. Jan ƙarfen da ake yin waya da shi yana narkewa a digiri 1,085, saboda haka a irin wancan zafi ba ya tsayawa ga narkewa, tururi yake zama nan take. Ruwa in ya zama tururi yakan kumbura kamar sau 1,700, abin da ke ɗaga murfin tukunya ke nan. Jan ƙarfe kuwa in ya zama tururi yakan kumbura kamar sau 67,000. Wannan kumburi na farat ɗaya shi ne fashewa: ya ɓalle ƙofar akwati, ya watso narkakken ƙarfe a fuska, ya jefar da mutum daga kan tsani, ƙararsa kuma ta fasa dodon kunne. Hayaƙin da ya biyo baya yana ƙona maƙogwaro da huhu in an shaƙe shi. Duk wannan yana aukuwa kafin mutum ya ƙifta ido, babu zancen ja da baya ko kauda kai.

Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Ralph Lee shi ne ya jawo hankalin masu sana'ar a 1982, inda ya nuna da lissafi cewa mutum yana iya ƙonewa har ya mutu ba tare da ya taɓa komi ba, tsayuwa kusa kawai ta isa. Daga nan aka shigar da wannan hatsari cikin ƙa'idar tsaron ma'aikatan lantarki ta Amurka, NFPA 70E, a 1995, aka kuma fitar da hanyar lissafa ƙarfinsa, IEEE 1584, a 2002. Ana auna zafin da ke faɗa wa fata da ma'aunin kalori a kan kowane santimetir murabba'i. Kalori 1.2 ya isa ya sa fata ta yi bororo, kuma wannan bai wuce kusan zafin da yatsa zai sha ba in an riƙe shi daƙiƙa ɗaya a kan ƙaramin harshen wuta. A gaban babban akwatin wuta ana iya samun kalori 20, ko 40, ko fiye.

Abin da ke ƙara mata ƙarfi

Abu uku ne suke nuna yawan ɓarnar da walƙiyar za ta yi. Na farko shi ne yawan wutar da za ta iya kwararowa. A nan ma akwai zato mara kyau, cewa wai hatsarin yana ga manyan wayoyi kaɗai, ƙaramar wuta ta bolt 230 ko 400 ba komi ba ce. Gida mai matsakaicin girma bai cika jan fiye da ampar 10 zuwa 30 ba. Amma akwatin bolt 400 da ke daf da babbar taransifoma, in wayoyinsa suka haɗu, yana iya kwararo ampar 10,000 ko 20,000. Irin waɗannan akwatuna su ne suke cikin asibitoci, da masana'antu, da manyan ofisoshi, kuma su ne masu gyara suka fi buɗewa ba tare da fargaba ba, don sun saba da su.

Na biyu shi ne tsawon lokaci. In na'urar katsewa ta yi aiki cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, wani zafi ne zai fito. In ta yi jinkiri har rabin daƙiƙa, zafin ya ninka sau biyar. Saboda haka wanda ya cire fis da ya ƙone ya ɗaura waya mai kauri ko ƙusa a madadinsa, don kada wuta ta riƙa yankewa, ya haƙa rami ne ga duk wanda zai buɗe wannan akwati bayansa. Haka nan na'urar katsewa da ta shekara goma ba a gwada ta ba, ƙura da tsatsa sun riƙe ta, ba a san ranar da za ta ƙi motsi ba.

Na uku shi ne nisa. Zafin yana raguwa da sauri in mutum ya ja baya: in an ninka nisa biyu, zafin yakan ragu zuwa wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Mai gyara da fuskarsa take cikin akwati shi ne a bakin wuta. Yaron da yake leƙe ta kafaɗarsa don ya koyi aiki, ko mai gadi da ya tsaya riƙe da fitila, su ma suna cikin hatsari alhali babu abin da ya kai su wurin.

Yanayin ƙasar nan kuma yana da nasa hannu a ciki. Ƙurar hunturu tana shiga kowane akwati ta kwanta a kan wayoyi, in damina ta zo ta sha laima sai ta zama hanyar wuta. Ƙadangare da tsaka da ɓera suna shiga ta ramukan da aka bari a buɗe, zanzaro yana gina ɗakinsa na laka tsakanin ƙarafa. A watannin Afirilu da Mayu, sa'ad da zafi yake kaiwa digiri 45, kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, wayoyi su yi zafi, mahaɗai su saki, robar da ke rufe waya ta bushe ta tsage. A daidai lokacin ne kuma ake fi kiran mai gyara cikin gaggawa, yana gumi, an tsaya a kansa ana cewa ya yi sauri.

Matakai biyar kafin a sa hannu

Maganin da ya fi kowane magani sananne ne, kuma ba ya bukatar kuɗi masu yawa: kada a yi aiki a kan wuta tana raye. Inda babu wuta babu walƙiya. Sai dai kashe wuta domin aiki ya wuce murɗa makunni. Ƙa'idojin sana'ar, irin su NF C 18-510 ta Faransa wadda ta fito a 2012, sun tsara abin a matakai, kuma kowane mataki an kafa shi ne saboda wani da ya rasa ransa da aka tsallake shi.

Na farko, a raba wurin aiki da duk hanyar da wuta za ta iya shigowa. Wannan ya ƙara nauyi a yau, domin gida ɗaya yana iya samun wuta ta hanya uku: ta kamfani, ta janareta, ta kuma faifan hasken rana da baturansa. Bayan da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024, mutane da dama sun koma ga janareta da hasken rana. Janareta da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya mayar da wuta baya cikin wayar da ma'aikaci yake zaton matacciya ce. Faifan rana kuwa ba shi da makashi: muddin rana tana haska shi yana ba da wuta, kuma irin wutarsa in ta yi walƙiya ta fi wuyar mutuwa, don ba ta kai da komo kamar ta kamfani.

Na biyu, a sa kwado a kan makashin, mai aikin ya riƙe mabuɗin a aljihunsa, a rataya allo mai sunansa da gargaɗi cewa ana aiki. In mutum uku suke aiki, kwado uku. Wannan shi ne yake hana wani da ya zo daga baya, ya ga duhu, ya tayar da wuta da kyakkyawar niyya ya kashe mutum.

Na uku, a tabbatar cewa inda za a yi aiki shi ne inda aka kashe. Akwatuna sukan yi kama da juna, wayoyi sukan gitta, kuma rubutun da ke jikinsu yakan goge ko ya zama na tsohon tsari.

Na huɗu, a gwada da na'urar da aka yi musamman domin nuna rashin wuta. A fara gwada na'urar kanta a inda aka san akwai wuta, sa'an nan a gwada kowace waya a wurin aiki, sa'an nan a sake gwada na'urar. Kafin a gama wannan gwaji, ana ɗaukar wayar a matsayin mai rai, kuma mai gwajin yana sanye da kayan kariya. Kasancewar unguwa tana cikin duhu ba shaida ba ce, domin wutar da aka ɗauke ba ta yin sallama in za ta dawo.

Na biyar, a manyan wayoyi da duk inda wuta take iya dawowa, a haɗa wayoyin da ƙasa, a kuma haɗa su da junansu, yadda ko wuta ta zo ba zato za ta bi ƙasa, na'urar katsewa ta yanke ta. In akwai wani sashe kusa da ya rage da wuta, a rufe shi ko a kange shi.

Hujjojin masu cewa ba za a kashe ba

Masu gyara da yawa sun san waɗannan matakai. Abin da yake hana su bi, sau da yawa, shi ne maganar da ke zuwa daga sama. Shugaban ma'aikata ya ce yana da taro, kada a kashe masa wuta. Mai gidan ƙanƙara ya ce kayansa za su narke. Mai injin niƙa ya nuna layin matan da ke jira da ƙwaryar hatsi. Mai gyara kuwa, musamman wanda ake biya a kan aikin yini, ya san in ya ƙi za a kira wani, kuma gobe ba za a neme shi ba. Ga kuma kunya irin ta maza: kada a ce ya ji tsoro, ko bai ƙware ba. Sai ya buɗe akwati da wuta a ciki. Ya yi haka sau ɗari ya tsira, har ya ɗauka gwanintarsa ce take tsare shi. Ranar da ƙarfen aiki ya suɓuce daga hannu mai gumi, gwaninta ba ta da abin da za ta yi.

Waɗannan hujjoji ba na banza ba ne, ya kamata a amsa su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne kashe wuta yana jawo hasara. Amma a yi lissafin duka. Kashewar da aka shirya takan ɗauki awa ɗaya ko biyu, a lokacin da aka zaɓa, bayan an sanar da kowa. Walƙiya kuwa in ta tashi takan cinye akwatin gaba ɗaya, wani lokaci har da taransifoma da ɗakin da take ciki. Nijar ƙasa ce da ba ta da bakin teku, manyan kayan lantarki daga waje ake kawo su, saboda haka wanda ya ƙi haƙurin awa biyu yana iya zama makonni cikin duhu yana jiran kaya. Wannan kuwa kafin a yi zancen mutumin da ya ƙone: watanni a asibiti, hannu da ya ƙandare, ido da ya tafi, iyalin da suka rasa mai ciyar da su.

Gaskiya ne kuma akwai wuraren da yanke wuta kansa hatsari ne ga rai, kamar ɗakin tiyata, da ɗakin jarirai bakwaini, da firjin ajiye alluran rigakafi. Amma wannan dalili ne na a tsara wurin tun farko, a raba wayoyinsa kashi kashi yadda za a kashe sashe ɗaya a bar ɗaya, a tanadi wutar ko ta kwana, a tsayar da ranar gyara tare da likita. Ƙa'idojin da aka ambata sun yarda da aiki a kan wuta mai rai a hali biyu kawai: in kashewar za ta jawo hatsarin da ya fi girma, ko kuma in aikin ba ya yiwuwa sai da wuta, kamar awo da neman inda matsala take. Jin daɗin ofis da cinikin yini ba su cikin wannan. A inda aka yarda ɗin ma, in ban da awo da neman inda matsala take, sai da izini a rubuce, wanda shugaban wurin ya sa wa hannu, da sunan ma'aikacin da dalilin aikin. Wannan takarda tana da amfani babba: shugaban da zai ce a yi kawai da baki, in aka miƙa masa alƙalami ya sa sunansa, yakan gano cewa ashe ana iya kashe wutar ranar Asabar da safe.

Akwai kuma masu cewa abin da aka rubuta wa mutum ba ya wuce shi. Wannan magana ba ta taɓa hana manomi gyara rumbunsa kafin damina ba, ba ta kuma hana direba duba birki ba. Bai kamata ta zama mafakar wanda ya hana a kashe wuta ba.

Tufafi da kayan kariya

Wasu shugabanni suna ganin in sun saya wa ma'aikaci kwalkwali da safar hannu sun fita haƙƙinsa. Kayan kariya wajibi ne, amma su ne katanga ta ƙarshe. Suna rage ƙuna, ba su hana fashewa, ba su hana faɗuwa daga tsani.

Abin da ya fi kashe wanda walƙiya ta buge sau da yawa shi ne tufafinsa da suka kama da wuta. Walƙiyar kanta ta wuce cikin ƙiftawar ido, rigar kuwa ta ci gaba da ci a jikinsa. Yadin roba irin su nailan da targal, da rigunan ƙwallo da samari suke so, suna narkewa su manne da fata, sai likita ya yanke su tare da nama. Saboda haka mai aikin lantarki kada ya sa yadin roba, ko a ciki ko a waje. Auduga ba ta narkewa, shi ya sa ta fi, amma ita ma tana kamawa da wuta. Abin da ya dace a gaban babban akwati shi ne tufafin da aka saƙa musamman, waɗanda wuta take mutuwa a jikinsu, kuma kowanne yana ɗauke da lambar zafin da zai iya tarewa. A ƙa'idar Amurka an kasa su huɗu: na kalori 4, da 8, da 25, da 40. Tare da su akwai garkuwar fuska ta musamman, da abin toshe kunne, da safar hannu ta roba wadda ake dubawa kafin kowane aiki ko ta huje, da ta fata a kanta, da takalmi rufaffe, da kayan aiki masu rufaffen mariƙi. Zobe da agogo da sarƙa a cire su. Babbar riga da rawani mai jela ba na wurin aiki ba ne.

Masu cewa waɗannan tufafi suna da nauyi da zafi a bazarar Tawa ko Yamai sun faɗi gaskiya. Mutum ba ya daɗewa cikin rigar kalori 40 da tsakar rana ba tare da ya galabaita ba. Amma wannan ma hujja ce ta kashe wuta: a sa kayan na ƴan mintocin gwaji, in an tabbatar babu wuta a tuɓe masu nauyin a yi aiki cikin sauƙi. Manyan gyare-gyare kuma a sa su da sassafe. Masu cewa suna da tsada su ma sun faɗi gaskiya, sai dai kwado da allo da na'urar gwaji ba su fi ƙarfin kowace ma'aikata ba, kuma su ne suke yin mafi yawan aikin tsaro.

Abin da doka ta ɗora wa kowa

Wannan magana ba roƙo ba ce ake yi wa masu ba da aiki. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin ɗaukar matakan kare rai da lafiyar ma'aikatansa, da koya masu hatsarin aikinsu, ta kuma tanadi kwamitin tsaro da lafiya a wuraren aiki. A 2009 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1981. Wannan yarjejeniya ta kare ma'aikacin da ya janye daga aiki don yana da dalilin ganin ransa na cikin hatsari babba na nan take, ta hana a hukunta shi a kan haka. Mai gyaran da ya ce ba zai buɗe akwati ba sai an kashe wuta yana kan haƙƙinsa, bai yi rashin ladabi ba. In hatsari ya auku kuma, wajibi ne mai ba da aiki ya sanar da asusun CNSS cikin awa 48, domin a yi wa wanda ya ji rauni magani a biya shi diyya. Ɓoye hatsari zalunci ne sau biyu: an hana mai rauni haƙƙinsa, an kuma hana sauran ma'aikata darasi.

Bisa ga haka, kowa yana da nasa rabo. Shugaban ma'aikata ya sa a rubuta sunan kowane makashi da abin da yake kashewa, ya sa a riƙa share akwatuna da gwada na'urorin katsewa kowace shekara, ya ware kuɗin wannan cikin kasafinsa, ya kuma hana kowa buɗe akwati sai wanda aka horar aka ba izini. Masu binciken wuraren aiki su riƙa neman ganin kwado da na'urar gwaji da takardar izini, kada su tsaya ga takardun albashi kaɗai. Makarantun koyon sana'a su sa matakan nan biyar a farkon karatu. Ƙungiyoyin ma'aikata, watau sandika, su tsaya bayan duk wanda ya ƙi aikin ganganci. Maigidan shago kuma ya tuna cewa yaron da iyayensa suka damƙa masa amana ne, kuma abin da yaro ya ga maigidansa yana yi shi zai yi har tsufansa. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da abin yi a nan: ya karanta wa abokan aikinsa allon gargaɗi, ya kuma nemi a rubuta shi da hausa da sauran harsunan ƙasa, ba da faransanci kaɗai ba.

In hatsari ya riga ya auku

Kada kowa ya taɓa wanda ya faɗi sai an kashe wuta, don kada gawa ɗaya ta zama biyu. In tufafinsa suna ci, a kashe su da ruwa ko a lulluɓe shi da bargo. A zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a kan ƙunar har wajen minti 20, ban da ƙanƙara. Kada a shafa mai, ko man goge haƙori, ko ƙwai, ko toka, kuma kada a fizge yadin da ya manne da fata. A rufe da ƙyalle mai tsabta a kai shi asibiti nan da nan, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin ɓarnar da ke cikin huhu da zuciya da ido ba ta bayyana a take.

Ƙasa tana bukatar wuta, kuma kowace sabuwar waya tana bukatar ƙwararren hannu da zai kula da ita. Ana shekaru kafin a samu ma'aikaci ɗaya da ya san aikinsa, ana kuma iya rasa shi cikin rabin daƙiƙa. Saboda haka duk wanda yake da ikon cewa a yi aiki, a ofis ne ko a asibiti ko a shago, ran da mai gyara ya zo ya ce sai an kashe wuta, amsar da ta dace ita ce a miƙa masa mabuɗin ɗakin makashi, a sanar da jama'a, a jira har ya gama ya cire kwadonsa da hannunsa.